Wake, Ganye da Kanwa: Tafiyata Gure

Idan aka ambaci Gure a Damagaram, dabbobi ne ke fara zuwa wa mutum a rai. Daga can ake kawo raguna masu dogayen ƙafafu, da shanu, da raƙuman Tubawa da Larabawan da ke kiwo a arewa wajen Tasker. Dillalai ba sa wasa da kasuwannin Gidigir da Subdu, domin a nan ake cika manyan motoci da garke a nufi kudu. Saboda haka da na ce zan je ziyarar wata ƙawata da aure ya kai ta Gure, 'yan'uwana a Kano tausayina suka ji. Sun san na daɗe da barin nama bisa shawarar likita, suna ganin zan je in zauna da yunwa a ƙasar makiyaya.

Gani ya kori ji. Dabba a Gure dukiya ce. Ana kiwonta don a sayar a sayi hatsi, a yi aure, a biya bashi, kuma ana kai mata wuƙa ne ranar suna, ko layya, ko idan babban baƙo ya sauka. Sauran ranakun shekara gero ne ke riƙe da garin, da wake, da ganye, da gyaɗa. Mata ne ke sarrafa su a tsakar gida, su fito da su bakin titi da tasha da kasuwa a kan tire da baro da fanteka, daga asuba har bayan lisha.

Motarmu ta tashi daga Damagaram da hantsi, ta kama hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso tun daga Yamai ba ta tsaya ba sai Ngigmi. Tsakanin Damagaram da Gure ya ɗara kilomita 160. Lokacin sanyi ne, an gama kaka, hazo ya rufe duwatsu. Mirya muka fara wucewa, kilomita 18 kacal daga birni, garin kukoki da lambuna da tulunan da aka san ta da su. Amma inda ciki ke fara magana shi ne Gidimuni. Mutum na cikin ratsa tuddan yashi sai kawai ƙasa ta gangara, ga tafki kwance, dabino da goriba sun kewaye shi, gonakin rake sun yi duhu. A 2019 aka shigar da wannan tafki cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Mota ba ta gama tsayawa ba yara suka rufe tagogi: rake an fere an yayyanka, dafaffen rogo da ƙullin yaji, dabino, tumatir a kwano. Rogo na saya. Mai gari ne, ya tsage da kansa tun a tukunya, yajinsa kuwa ƙuli ya fi barkono yawa. A nan na fara sabawa da lissafin kuɗin Nijar, inda dala ashirin take sefa 100, jika kuma sefa 1,000.

Gure na zaune ne a tsakanin duwatsun Muniyo. Gari ne na Mangawa, reshen Barebari, sai Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye da Larabawa da kiwo da kasuwa suka haɗa. Mai tallar da ta tarbe ka da "wushe" ita ce za ta yi maka ciniki da Hausa tsantsa. Ruwan sama yana kewayen milimita 300 a shekara, a damina mai wata uku da kyar, kuma abin da ke jure wannan shi ne gero da wake. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noman gero a duniya, a wake kuwa Najeriya ce kaɗai ke gabanta.

Wurin cin abinci na farko a garin ba shi da rumfa ba shi da suna. Kusurwar titi ce, da murhun duwatsu uku, da kasko, da tsohuwa a kan kujera 'yar tsugunno. Tun dare ta surfa wakenta ta wanke har ɓawon da hancin suka fita, da asuba aka kai niƙa da albasa da attaruhu. Sauran aikin na damtse ne. Ƙosai ba a sa masa yis, bugu ne ke tashinsa, kuma wadda ta san aikinta takan sake buga ƙullun kafin kowane zubi don kada ya kwanta ya sha mai. Ta bakin layin ƙawata dattijuwa ce mai tsagar Barebari a fuska. Na durƙusa na gaishe ta.

"Iya, ina kwana? Ya sanyi?"

"Lafiya lau, 'yata. Baƙuwa ce ke? Daga ina?"

"Daga Kano, Iya."

"Ashe ku ne masu kwashe mana wake," in ji ta, tana tsamo ƙosai daga mai. "Ungo ɗanɗana wannan, shi bai yi tafiyar mota ba."

Ciki fari sol, baya ja, ba nauyi. Gefenta wata ke suyar wainar gero a tanda, wata kuma na kwasar kokon gasara mai tsami da ya ji citta da kanumfari. Leburori, 'yan kabu-kabu, 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, da jakunkunansu, kowa ya miƙa dala goma ko ashirin ya karɓi rabonsa. Babu wanda ke lissafin cewa abin da yake ci babu nama a ciki. Karin kumallo yake yi.

Ɗan wake sai hantsi ya ɗaga. Maƙwabciyar ƙawata ce ke yin na sayarwa, don haka na samu zama a tsakar gidanta na kalli aikin daga farko. Garin wake, da ɗan garin rogo don danƙo, da kuka, sai ruwan kanwa da aka jiƙa tun jiya ya kwanta aka tace. Ta kwaɓa da hannu har ya yi yauƙi, ta riƙa gutsura tana jefawa a tafasasshen ruwa da saurin da ido ba ya bi. Idan ya nuna da kansa yake tasowa sama. A tsame a zuba a ruwan sanyi, a tsane, a kwarara man gyaɗa da aka soya da albasa, a barbaɗa yaji. Na ci ɗan wake a garuruwa da yawa, amma santsin wannan dabam ne: ba ya kama haƙori, ba ya ɗaci, launinsa kore-kore mai haske. Na nemi sirrin, ta ce babu komai sai sanin kanwa. Ta yi kaɗan ya yi tauri, ta yi yawa ya yi ɗaci ya ɓata ciki.

Kanwa kuwa a nan gida take. Kudu da gabashin Gure, har zuwa Gudumariya da Maine-Sorowa, ƙasar cike take da kwaruruka, wato faffaɗan ramuka a tsakanin tuddan yashi inda ruwa ke kusa da sama. Idan rani ya yi, ruwan tsakiyar kwarin ya ƙafe, sai kanwa ta fito fari fat a fuskar ƙasa, a kankare a tara. A wasu kwarurukan kuma ƙasar ake tacewa a dafa ruwan a samu gishirin mangul. Shekaru aru-aru ayarin jakuna da takarkarai na ɗaukar wannan kaya zuwa Kano da Katsina da Sakkwato har ƙasar Nufe, inda majema da masu taba da makiyaya da matan gida ke jiransa. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya wallafa littafi guda a kan wannan fatauci a 1986. Tun kafin shi da nisa, a Disambar 1852, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashen nan da Abdulkarim, ya biyo ta Gure a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. A lokacin Gure ce gidan sarautar Muniyo, Muniyoma Koso na kan gado yana kai gaisuwa ga Shehun Borno. Barth ya rubuta labarin tafkunan kanwar da ya gani, da gonakin alkama na ban-ruwa a Wushek. Kanwar da kakanninmu suka riƙa jefawa a tukunyar wake a Kano, da yawanta daga wannan ƙasa ta fito.

Aikinta a tukunya sananne ne. Tana karya taurin wake ya nuna da wuri, abin da ba ƙarami ba ne a inda itace ke tsada. Tana riƙe yauƙin kuka da kuɓewa, tana kashe tsamin yakuwa da rama. Sai dai tana da iyaka. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da alaƙa tsakanin yawan kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Na faɗa wa matan gidan mai ɗan waken haka, domin na ga yadda ake ɗura wa wata mai jego kunun safe da yamma, kuma ina son a rage.

Ranar kasuwa gari ya canza kama. Tun da sassafe amalanken shanu da jakuna ke shigowa daga ƙauyuka, raƙuma a durƙushe a gefe, motocin Land Cruiser daga arewa sun sha ƙura. Na bar karar dabbobi ga dillalai, na nufi layin mata masu kayan miya, kuma a nan na fi daɗewa. Komai a bushe, komai a tiya, kwanon awonsu, ko a ɗan gwangwani: kuka, kuɓewa, karkashi, lalo, yakuwa, rama, tafasa, zogale. Wasu ganyen a bakin kakata kawai na san sunansu, irin su yaɗiya, da jiga, da gasaya, da dubagira, wato tohon aduwa. Kowanne da hukuncinsa. Tafasa sai an dafa an zubar da ruwan fari. Jiga sai ta sha wuta sosai kafin ɗacinta ya sauka. Yaɗiya a kwaɗa ta, ko a haɗa ta da wake. Matan da ke zaune a kan wannan kaya sun san watan da ake tsinkar kowane ganye, da yadda ake shanya shi a inuwa don kada rana ta cinye korensa, da wanda ke gyara ciki, da wanda ake ba mai shayarwa. Da damina suke tara abin da gida zai ci har bazara. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wannan ilimi da ke tafiya daga uwa zuwa 'ya ya cancanci a zauna a rubuta shi tun masu shi na raye.

A ƙarshen layin hanci ne ke kai mutum wajen daddawa. Mu a Kano ta kalwa muka saba da ita, amma ɗorawa ba ta son ƙasa mai ƙarancin ruwa irin wannan, saboda haka daddawar batso ce ke mulki. Da 'ya'yan yakuwa ake yinta: a dafa su tsawon yini da ruwan toka ko kanwa, a rufe su na wasu kwanaki su ruɓa, a daka, a cura, a shanya. Warinta ya fi na kalwa ƙarfi, kuma ita ce ke ba miyar kuka nauyin da mutum zai rantse an sa ƙashi. Gefenta busasshen jan tattasai ne a buhuna, daga gonakin bakin Komadugu a jihar Difa, wanda ake wa laƙabi da jan zinaren Manga. Motocin da ke ɗauke da shi ta Gure suke bi. Tun 2015 rikicin Boko Haram ya dagula nomansa da cinikinsa, kuma masu miya sun ji a jikinsu. Daga nan sai layin kayan marmari na daji da na kwari: goriba, kurna, aduwa, tsamiya, magarya da akurin da ake yi da garinta, dabinon gida da busasshen na Bilma, kantun riɗi, ƙuli-ƙuli.

Azahar na gabatowa masu dambu da kwaɗo suka fito, wasu da fanteka a ka, wasu a baro an lulluɓe da farin ƙyalle. Dambun Nijar ba sai an yi masa kirari ba. Tsakin gero ko na masara ake turarawa a madambaci, a sauke a yayyafa ruwa a murje, a haɗa da zogale a mayar, har ƙamshin ganyen ya ratsa tsakin, sannan a zuba mai da albasa da dakakken ƙuli. A nan zogalen ya kusa rinjayar tsakin, saɓanin namu da ake barbaɗa shi don ado. Kwaɗo kuma a gaban mai saye ake haɗa shi. Da yake sanyi ne, salati da kabejin kwari sun sauka, don haka akwai zaɓi tsakanin dafaffen ganye da ɗanye. Budurwar da ke haɗawa ta ɗago ta dube ni.

"Yaya, a sa miki dunƙule?"

"A'a ƙanwata, gishiri da ƙuli sun isa. Ƙara mini albasa dai."

Ta ƙara, ta yi mini gyara da cokali guda na rama.

Ina zaune a inuwar darbejiya da kwanon a cinya na tuna abin da ake yayi a manyan biranen Turai da Amurka. Can akwai masu barin nama, akwai kuma waɗanda suka ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, har madara da ƙwai da zuma. Ƙungiyar waɗannan ta farko a Ingila aka kafa ta a 1944, ƙarƙashin Donald Watson. A Landan da Barlin da Los Anjalas akwai motocin da aka mayar ɗakin girki, su tsaya a bakin titi, mutane su bi layi su biya kuɗi mai kauri. Abin da ke cikin kwanon kuwa sau da yawa wake ne da aka niƙa aka soya, da ganye da aka kwaɗa da riɗi ko gyaɗa, da hatsin da aka turara. Garin zogale ma a 'yan ƙananan kwalabe ake sayar da shi da tsada. Ban kawo wannan don in ce sai Turawa sun yaba abu zai zama na kirki ba. Kiristocin Habasha sun daɗe suna ƙaurace wa nama da madara kowace Laraba da Juma'a, sun gina girki mai faɗi a kan haka suna alfahari da shi, miliyoyin Indiyawa ma ba sa cin nama. Abin da ke ci mini rai shi ne mu namu muna kiransa abincin talaka, muna ɓoye shi idan baƙo ya zo. Ƙawata kanta ranar da na sauka kaza ta sa aka kama, sai da na roƙe ta aka sake ta. Ta yini tana ba ni haƙuri a kan burabusko da miyar yakuwa da wake, abincin da na jima ban ci mai daɗinsa ba.

Wanda ya bar nama gaba ɗaya, miya ce zai yi hattara da ita. Wadda ba a ga tsoka a ciki ba sau da yawa an daka mata busasshen kifin tafkin Chadi, ko an jefa ƙashi, ko an zuba man shanu a kai, kuma wasu dunƙulen zamani da ɗanɗanon kaza ake yinsu. Tambaya ce maganin wannan, masu abincin ba sa ɓoyewa. Ni likita bai hana ni nono ba, don haka na sha furar gero da kindirmon Fulani, na ci cuku, wanda Buzaye da Fulani ke busarwa falle-falle a ci da shayi, ko a daka shi da gero da dabino a yi guzurin tafiya. Wanda ba ya shan nono sai ya nemi a dama masa furar da ruwan tsamiya, ko da farin garin 'ya'yan kuka mai ba ta tsami da kauri.

Da magariba titin kwalta ke karɓar kasuwar. Masu tsire da balangu sun kunna wuta, amma cincirindon yara da samari a wajen awara yake. Awara baƙuwa ce, kakanninmu ba su san ta ba, kuma waken suya daga Najeriya ake shigo da shi. Asalin dabarar daskarar da madarar waken a matse ta mutanen Sin ce. A shekarun 1980 cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta dage wajen koya wa mata sarrafa waken suya a gida, abin ya bazu arewa har ya tsallaka iyaka. Matanmu suka mayar da ita tasu. Ruwan tsamin gasara ko tsamiya ne ke tattara madarar, a zuba attaruhu da albasa, a ɗaure a ƙyalle a danne da dutse, a yanka a soya, a ci da yaji da kabeji. Ta samu shiga ne domin da 'yan canji yaro zai ci abin da ke gina jiki. Mai awarar da na tsaya wajenta ta ce lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, waken ya yi tsada har sai da ta rage girman yanka, wasu abokan sana'arta kuma suka kife kasko.

Akwai abin da ba ya mini daɗi a wannan ciniki. Yawancin tiren da ke yawo a tasha a kan ƙananan 'yan mata yake, a lokacin da sa'o'insu ke aji. Uwa na cikin gida tana girki, ribar kuma ita ce kayan ɗakin yarinyar gobe. Na fahimci lissafin, amma tsakanin direbobi da dare ba wurin yarinya ba ne. Da za a tanadi rumfuna masu tsabta da famfo kusa da tasha, manyan mata su zauna su sayar da kansu, da ƙura da ƙuda sun ragu, da yaran sun koma lakwal.

A wani lungu na kasuwa na ga wata dattijuwa da ƙwaryar wasu ƙwayoyi masu kama da wake. Anza ce. Duk wanda ya ga yunwar 1973 da 1974, ko ta 1984, ko ta 2005 lokacin da fari da fara suka haɗu suka kwashe amfanin gonar 2004, ya san anza. Itaciya ce mai yin 'ya'ya ko an yi fari, amma ɗacinsu ba ya ciyuwa sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana canza ruwa. Ita da ƙwayar ƙarangiya suka tsallakar da ƙauyuka da yawa zuwa kaka, shi ya sa wasu ke kunyar a gan su da ita. Na saya, ƙawata ta dafa ta da gishiri da mai da yaji, ta yi gardi ƙwarai. A Damagaram akwai kamfanin Sahara Sahel Foods, wanda aka kafa a 2014, yana sayen anza da aduwa da magarya da sauran 'ya'yan daji daga matan karkara yana mayar da su gari da mai da abin sha. Ina goyon bayan wannan hanya, domin ranar da itace ya fara kawo wa gida kuɗi, mai gatari kan yi tunani kafin ya sare shi.

Kada a ɗauka duk wanda ba ya cin nama a ƙasar nan zaɓa ya yi. Ni ina da zaɓi, mafi yawa kuwa aljihu ne ya yanke musu hukunci. Jihar Damagaram na cikin inda tamowa ta fi tsanani a Nijar, kuma binciken ƙasa ya sha nuna cewa fiye da rabin ƙananan yaranta ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Amma idan aka leƙa kwanon yaron da ya rame, ba a tarar da ɗan wake ko dambun zogale. Tsinkakken kunu ake tararwa, ko fura da ruwa, safe da rana da dare. Gero shi kaɗai ba ya gina jiki yadda ya kamata. Akwai sinadarin da ya gaza a cikinsa wanda wake ke da shi a wadace, shi ma waken gero ke cike masa nasa giɓin. A haɗa su da ganye da ƙuli, a ƙara wa yaro nono da ƙwai idan da hali, jiki zai amsa. Matsalar ita ce wake a nan kayan sayarwa ne. Da kaka manomi ke kai shi kasuwa, lokacin da ya fi araha, don biyan bashi da hidimar biki, kuma don tsoron ƙwari su mayar da shi gari a rumbu. Da bazara matarsa ta sayi tiya guda da tsada, ko ta haƙura. Maganar Iya mai ƙosai akwai gaskiya a cikin wasanta. Magani kuwa akwai shi. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masanan jami'ar Purdue da cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maraɗi suka yaɗa tun 2007, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe musu iska ba tare da an zuba magani ba. Akwai kuma tsarin ajiye amfanin gona a sito a karɓi rance a kansa har farashi ya tashi, wanda aka fara a Nijar a ƙarshen shekarun 1990 tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO. Abin da ya rage shi ne su kai ga ƙauyen da ya fi buƙata.

Kafin in bar garin, mijin ƙawata, wanda malamin makaranta ne, ya samo mota muka je wani kwari don in ga inda salatin da rogon ke fitowa. Daga saman tudu tsarin a bayyane yake: goriba a zagayen waje, dabino a cikinta, sannan fadamar lambu, sai farin filin kanwa a tsakiya. Ruwa gaba ɗaya ko biyu ne a ƙasa, da guga ko ɗan inji ake ja. Rogo, rake, albasa, tumatir, dankali, kabeji, masara, kowanne da fangalinsa. Amma ta gefen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, tudun yashi ya gangaro ya binne goriba, wasu kawunansu kawai ake hange. Mai lambun dattijo ne. Ya nuna mini da sandarsa inda gonar mahaifinsa take, yanzu rairayi ne zalla.

"Baba, ba a iya tsayar da shi?"

"Ana iyawa, 'yata, in an haɗa hannu. Mun kafa shinge ya tsaya. Dabbobi suka shiga suka cinye dashen, ya sake tasowa."

Dabarar ba ɓoyayyiya ba ce. Ana saro kalimbo ko rassan goriba a kafa shinge gida-gida a kan tudun don karya ƙarfin iska, da damina a dasa itatuwa a watsa irin ciyawa a ciki, a sa mai gadi har su kama. Shirin PLECO, na yaƙi da binnewar kwaruruka a Gure da Maine-Sorowa, wanda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa, irin wannan aiki ya yi a farkon shekarun 2010. Inda aka tsare dashe, tudu kan kwanta. Wahalar ita ce gadin, domin makiyayi na neman ciyawa, mai lambu na neman shinge, kuma a ƙasar Gure sau da yawa gida ɗaya ne ke da garken da lambun. Duk kwarin da yashi ya rufe, da shi ake rufe rogon tasha, da salatin kwaɗo, da kanwar ɗan wake. Dattijon ya tuge mana rogo, ya ƙi karɓar ko dala, ya koma kan gugarsa.

Tsarabata ba ta yi nauyi ba: tiyar busasshiyar yaɗiya, curin daddawar batso an naɗe a leda, akuri, da dunƙulen farar kanwa. Motar da na samu zuwa Damagaram kuwa a sama nauyinta yake, buhunan wake an ɗaure su da igiya har sun fi motar tsawo. Na tambayi yaron mota inda za su. Ya ce a Damagaram za a juye su a babbar mota, a bi ta Magarya ko ta Matamaye a tsallaka, sai kasuwar Dawanau a Kano. Ya ce daga kaka zuwa ƙarshen sanyi, kowace ranar kasuwa haka suke lodi.